Grasmere: Ƙasa da Yanayi da Baƙin Wani Ƙauye a Ingila

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji yana ƙoƙarin fahimtar da ɗalibai Hausawa wata waƙar Turanci da ta shafi karkara ya san irin wuyar da ke cikin aikin. Ƙamus yakan ba da kalma a madadin kalma, amma ba ya iya ba da ƙasa a madadin ƙasa. Alal misali, in malami ya ce mawaƙin yana yabon ƙauyensu ne, nan da nan sai zuciyar ɗalibi ta tafi ga abin da kalmar ƙauye ta saba ɗauka a wurinmu, watau baƙauye da ƙauyanci da rashin wayewa, ya rasa abin yabo a ciki. A Ingila kuwa mai hali ne yake gudun birni ya nemi ƙauye, har ma gida a wasu ƙauyukan ya fi na birane da yawa tsada. Haka nan in malami ya ce waƙar tana murna da shigowar bazara, sai ɗalibi ya tuna da zafin watan Afrilu na Kano ko na Sakkwato, ya yi mamakin mutumin da zai yi murna da wannan.

Saboda haka a cikin wannan maƙala za mu ɗauki ƙauye guda ɗaya, mu duba shimfiɗar ƙasarsa da yanayinsa da kuma abin da ke jan baƙi zuwa gare shi. Ƙauyen da muka zaɓa shi ne Grasmere, wanda masu wurin ke furtawa kamar Girasmiya. Mazaunansa na dindindin ba su kai dubu biyu ba, amma sunansa ya shiga duk inda ake karatun adabin Ingilishi, domin a nan ne mawaƙin nan William Wordsworth ya zauna, a nan kuma aka binne shi.

Inda ƙauyen yake

Grasmere yana arewa maso yammacin Ingila, a tsakiyar yankin da ake kira Ƙasar Tabkuna, kimanin kilomita 30 daga gaɓar tekun da ya raba Ingila da Ailan. A dā yana cikin lardin Westmorland, sa'an nan a 1974 aka haɗe shi cikin sabon lardin Cumbria. Yana kwance ne a gindin wani kwari, tsaunuka sun kewaye shi kamar abinci a cikin akushi. Wani ƙaramin kogi mai suna Rothay ya ratsa ta tsakiyarsa ya faɗa cikin tabkin da ke kudu da gidaje, wanda tsawonsa kimanin kilomita ɗaya da rabi ne, da ɗan tsibiri guda a tsakiya. Daga nan ruwan ya zarce zuwa tabkin Rydal, ya ƙarasa cikin Windermere, babban tabkin Ingila duka. Babbar hanyar mota ɗaya ce ta bi ta kwarin: ta kudu ta nufi garin Ambleside, ta arewa ta hau wani mashigi tsakanin tsaunuka da ake kira Dunmail Raise ta gangara zuwa Keswick. Mai karatu ya riƙe zancen wannan hanya, domin za mu komo gare ta.

Kada kalmar tsauni ta ruɗe mu. Helm Crag, wanda ya leƙo kan ƙauyen ta arewa, mita 405 ne kacal bisa ga teku, watau birnin Kano da ke shimfiɗe a fili ya fi ƙololuwarsa bisa. Helvellyn da ke bayansa mita 950 ne, Scafell Pike kuwa, wanda babu kamarsa a Ingila, mita 978, bai kai tudun da garin Jos yake zaune a kai ba. Abin da ya ba su kwarjini shi ne sun tashi ne daga kwarin da ke kusa da matakin teku, ga su a tsaye tsai, ga kuma sanyi da iska da hazon ruwa da ke kansu, waɗanda kan halaka matafiyin da ya raina su.

Masana ƙasa sun ce duwatsun tsakiyar yankin daga aman wuta suka samu, kimanin shekaru miliyan 450 da suka shige. Amma siffar da ido ke gani yau aikin ƙanƙara ne. A zamanin da sanyi ya rufe arewacin duniya, ƙanƙara ta taru bisa waɗannan tsaunuka har ta yi nauyin da ta riƙa malalowa sannu a hankali ta kowane gefe, tana nuƙe dutse tana kwashewa. Inda kogi kan yanka kwari mai tsini a ƙasa, ita ƙanƙara faɗaɗa shi take yi, ta bar gindinsa a baje da bango a tsaye. Da ta narke, ragowarta ta ƙarshe kimanin shekaru 11,700 da suka wuce, sai ruwa ya cike ramukan da ta haƙa, suka zama tabkuna. Wordsworth da kansa ya kwatanta kwaruruwan yankin da sandunan ƙafar keken doki, waɗanda suka fito daga cibiya ɗaya suka bazu.

Ga mai nazarin harshe, sunayen wuraren nan tarihi ne a rubuce bisa ƙasa. Sunan Grasmere kansa, bisa ga ra'ayin da ya fi rinjaye, yana nufin tabki mai ciyawa. Amma mutanen yankin ba su cika kiran tsauni da rafi da kalmomin da ɗalibinmu ya koya a makaranta ba. Tsauni a bakinsu "fell" ne, rafi "beck", kwazazzabo mai ruwa "gill", ɗan tabkin kan tsauni "tarn", filin da aka sare "thwaite". Duk waɗannan daga harshen mutanen Norwe na dā suka fito, waɗanda suka ƙetaro ta Ailan da tsibirin Man a wajen ƙarni na 10 suka zauna suna kiwo. Harshensu ya mutu a Ingila tun da daɗewa, sunayen da suka raɗa wa duwatsu suna nan. Akwai wata ƙorama da ke zubowa daga Easedale Tarn, a yammacin ƙauyen, wadda ake kira Sourmilk Gill, watau kwazazzabon nono, saboda farin kumfarta in ta sha ruwa. Makiyayi ne kaɗai zai dubi ruwa ya tuna da ƙwaryar nono, ko a ina yake a duniya. Shi kuwa mashigin Dunmail, ana danganta sunansa da wani sarkin Cumbria wanda almara ta ce an kashe shi a nan a yaƙin da Sarki Edmund na Ingila ya kawo a shekarar 945, har akwai tarin duwatsu a wurin da ake cewa kabarinsa ne. Yaƙin dai tarihi ya tabbatar da shi, kabarin kuwa zancen baka ne.

Ruwa da sanyi da haske

Abu na farko da ya kamata a gyara shi ne zaton da ake yi cewa Ingila duka ƙasar ruwa ce. Ruwan da ke sauka a Landan a shekara kimanin milimita 600 ne, bai kai na Kano ba a yawancin shekaru. Bambancin shi ne na Kano yakan zubo ne a cikin wata huɗu ko biyar, da hadari da tsawa, kamar da bakin ƙwarya, rana kuma ta fito ta shanye, na Landan kuwa a rarrabe yake cikin wata goma sha biyu, rana ba ta da ƙarfin busar da shi. Grasmere fa daban ne. Ruwansa ya haura milimita 2,000 a shekara, kuma a ƙauyen Seathwaite, 'yan kilomitoci kaɗan yamma da shi, yakan haura 3,000. Kwanakin da ake samun ruwa a kwaruruwan yankin sun kusa 200 a shekara.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Iskar da ta fi kaɗawa a Ingila daga kudu maso yamma take zuwa, bayan ta ratso Tekun Atlantika ta ƙoshi da laima. Tsaunukan Cumbria su ne bangon farko da take cin karo da shi. Dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta kasa riƙe laimar da ta ɗauko, sai ta zubar. Kafin ta gangara gabas zuwa kwarin Eden ta riga ta sauke yawancin kayanta, shi ya sa garin Penrith, wanda ba shi da nisa, ba ya samun ko rabin ruwan Grasmere. Irin ruwan ma ya bambanta da namu. Tsawa da walƙiya kaɗan ne. Abin da aka fi sani shi ne yayyafi da tsattsafi da mamako, a wuni a kwana ana abu ɗaya, gajimare ya sauko ya rufe rabin tsauni. In Bahaushe yana son ya kwatanta, to ya ɗauki kwanakin marka na watan Agusta, ya cire ɗumin, ya shimfiɗa su bisa yawancin shekara. Watannin da suka fi ruwa kuwa su ne na sanyi, daga Oktoba zuwa Janairu, waɗanda suka fi dama-dama su ne Afrilu da Mayu da Yuni.

Game da sanyi, abin mamaki shi ne rashin tsananinsa. Grasmere yana bisa digiri 54 da rabi arewa da ikwaita, daidai da gaɓar Labrador ta ƙasar Kanada, inda teku kan daskare wata da watanni. Amma a nan a watan Janairu ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 6 ko 7 da rana, ya sauko kusa da sifiri da dare. Abin da ya jawo haka shi ne igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga wajen Tekun Meziko ta ratso Atlantika zuwa yammacin Turai, da kuma iskar da ke bi ta kanta. Teku ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa, saboda haka yakan rage kaifin sanyi, ya kuma rage kaifin zafi. A watan Yuli, tsakiyar lokacin ɗuminsu, digiri 20 ne abin da aka saba gani da rana, watau abin da mutumin Katsina zai nemi bargo a kansa. Dusar ƙanƙara takan daɗe a kan tsaunuka, amma a cikin kwarin ba ta cika kwana da yawa ba.

To amma a ganina abin da ya fi wuyar fahimta ga wanda bai taɓa barin ƙasashenmu ba shi ne sha'anin haske. A Kano bambancin da ke tsakanin wuni mafi tsawo da mafi gajarta bai kai sa'a ɗaya da rabi ba. A Grasmere a ƙarshen Yuni rana takan yi sama da sa'a 17 a sama, har ƙarfe goma na dare mutum yana ganin hanya ba fitila. A ƙarshen Disamba kuwa sa'a 7 ce da 'yan mintoci, kuma ko da tsakar rana ba ta ɗagowa fiye da digiri 12 daga gefen sama, kamar dai hantsinmu na farko. Gidan da ke gindin tsauni ta arewa yana iya yin makonni rana ba ta taɓa rufinsa ba. Itatuwa sun zubar da ganye, ƙasa ta jiƙe sharkaf, duhu ya yi yawa. Wanda ya sha wata huɗu a cikin wannan hali, ranar da ya ga fure na farko ya ɓullo a watan Maris, dole ya yi waƙa.

A nan ne matsalar fassara take. An saba a littattafan makaranta a jera lokutan Turawa huɗu a gefe ɗaya, a jera namu a ɗaya gefen, a ce "spring" bazara, "autumn" kaka, "winter" hunturu, "summer" kuwa wani ya ce rani, wani ya ce damina. Kaka ce kaɗai ta yi kusa, domin duka biyu lokacin girbi ne. Hunturunmu busasshe ne, ga ƙura ga faskarewar leɓe, nasu kuwa shi ne lokacin da ya fi kowanne ruwa. Bazararmu ƙuna ce da jiran hadari, tasu sanyi ne mai janyewa. Asalin saɓanin shi ne shekarar Bahaushe ruwa ne ke juya ta, akwai shi ko babu shi, shekarar Bature kuwa ɗumi da haske ne ke juya ta, domin ruwa kullum yana nan. In ana neman abin da ya yi daidai da murnar "spring" a zuciyar Bahaushe, to ruwan shuka ne, ranar da ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ɗauki sungumi. Ina ganin ya fi kyau mai fassara ya ce lokacin toho, lokacin ɗumi, lokacin zubar ganye da lokacin sanyi, ya bar kalmominmu su ci gaba da nufin abin da suke nufi.

Tumaki da katangu

Ƙasa mai irin wannan ruwa da tsayi ba ta hatsi ba ce, ta ciyawa ce, shi ya sa tun fil azal kiwo ne sana'ar kwarin. A gindin kwari akwai filaye masu kyau inda ake yankan ciyawa a adana, an kewaye su da katangun dutse waɗanda aka jera ba laka ba siminti, nauyin duwatsun da gwanintar magini ne kawai ke riƙe da su. Bisa ga katanga ta ƙarshe kuwa sai buɗaɗɗen tsauni, wanda makiyaya ce ta tarayya. Kowace gona tana da haƙƙin sakin tumakinta a can, haƙƙin kuma a jikin gonar yake.

Tunkiyar yankin ana kiranta Herdwick. Baƙa ake haihuwarta, tana girma tana yin toka-toka, fuskar ta koma fara. Gashinta kaushi ne da shi, ba ya kuɗi, amma tana jure abin da wata tunkiya ba ta jurewa. Abin sha'awa game da ita shi ne ba a binta da sanda, ba a kuma yi mata shinge. Kowane garke ya san yankinsa a kan tsauni, uwa ce ke nuna wa ɗanta, ita ma haka ta koya daga tata uwar. Saboda haka in an sayar da gona ko an ba da ita haya, da garken ake bayarwa, domin baƙuwar tunkiya ba ta san iyaka ba. Wannan ne ya sa annobar ciwon baki da kofato ta 2001, wadda ta fi tsanani a Cumbria, ta zama babban tashin hankali: in an hallaka garke duka, an hallaka saninsa na tsaunin, kuma kuɗi ba ya sayen wannan. Ana gane mai tunkiya ta hanyar shaidar launi a gashi da tsaga a kunne, kuma tun 1817 ake buga littafin da ya tattara shaidun gonaki, don a mai da ɓatacciya ga mai ita.

An kuma adana wata tsohuwar hanyar ƙidayar tumaki da ta fara da yan, tyan, tethera, methera, pimp. Waɗannan kalmomi sun girmi Ingilishi a yankin, danginsu yana cikin harshen Wales, inda har yau biyar take "pump". A kan ƙirga zuwa ashirin ne a sake farawa, kamar yadda kakanninmu suka riƙa ƙirga wuri da hauya-hauya. Yanzu dai an fi ganin ƙidayar a jikin kofunan shayin da ake sayar wa baƙi fiye da jin ta a bakin makiyayi.

Yadda baƙi suka fara zuwa

Ba tun asali Turawa suke ganin kyan tsauni ba. Sa'ad da Daniel Defoe ya rubuta labarin zagayensa na Birtaniya a shekarun 1720, ya siffanta Westmorland da ƙasa mai ban tsoro marar amfani, watau yadda mu ma muka saba duban daji. A tsakiyar ƙarni na 18 ne ra'ayi ya juya a tsakanin masu ilmi da masu zane. Mawaƙi Thomas Gray ya ratsa ta Grasmere a 1769 ya yaba shi ƙwarai. A 1778 Thomas West ya buga littafin jagora wanda ya nuna wa baƙo takamaiman wuraren da zai tsaya ya yi kallo. Wasunsu ma, abin dariya, juya wa tabkin baya suke yi, su ɗaga wani ɗan madubi mai duhu su dube shi a ciki, don ya yi kama da zanen da aka rataya a bango. Da yaƙe-yaƙen Faransa suka rufe wa 'ya'yan masu kuɗi hanyar Turai tsakanin 1793 da 1815, sai suka juyo arewacin ƙasarsu.

A cikin wannan zamani ne, a watan Disamba 1799, Wordsworth da ƙanwarsa Dorothy suka kama hayar wani ɗan gida a gefen ƙauyen, wanda a dā masaukin matafiya ne, yau ake kira Dove Cottage. Ɗan yankin ne, an haife shi a Cockermouth a 1770. A shekaru takwas da 'yan watanni da ya yi a gidan ya tsara mafi yawan waƙoƙin da aka san shi da su. Dorothy kuwa ta riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana daga 1800 zuwa 1803: ruwa, iska, wanki, ciwon kai, mabaratan da suka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai son sanin yanayin kwarin zai fi ƙaruwa da littafinta fiye da waƙoƙin wanta. Ita ce ma ta manne jaridu a bangon wani ɗaki don tare sanyi. Waƙarsa da ɗalibanmu suka fi sani, ta furannin nan rawaya masu fitowa daga kai irin na albasa, daga abin da suka gani tare ne ran 15 ga Afrilu 1802, amma a bakin tabkin Ullswater ne, suna komowa daga gidan abokinsu Thomas Clarkson, wanda ya yi suna wajen yaƙi da cinikin bayi. Wordsworth ya bar Grasmere a 1813 zuwa Rydal da ke maƙwabtaka, aka naɗa shi mawaƙin fada a 1843, ya rasu a 1850, aka komo da shi maƙabartar cocin ƙauyen kusa da 'ya'yansa biyu da suka rasu a 1812.

Shi ma ya rubuta littafin jagora, wanda ya fara fitowa a 1810, a ciki har ya ce ya kamata a ɗauki yankin tamkar dukiyar ƙasa duka. To amma da aka zo shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Windermere, sai ya tashi haiƙan a 1844 yana rubuce-rubuce a jarida don a hana. Hujjarsa ita ce jin daɗin kallon tsauni abu ne da ake koya a hankali, ma'aikatan masaƙun birni ba za su amfana ba, sai dai su ɓata wurin. An buɗe hanyar a 1847. Ga mutumin da ya kira jama'a da waƙa, da suka amsa kuma ya nemi a rufe ƙofa. Irin wannan gardama ta sake tashi a shekarun 1870, sa'ad da birnin Manchester ya nemi datse tabkin Thirlmere da ke bayan mashigin Dunmail don ruwan sha. Birnin ne ya yi nasara, aka gama aikin a 1894, har yau ruwan yana gangarawa da kansa tafiyar kilomita fiye da 150. Amma daga cikin waɗanda irin wannan ya dama aka sami Hardwicke Rawnsley, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa ƙungiyar National Trust a 1895 don sayen wurare a adana wa jama'a. A Grasmere ya ƙare rayuwarsa a 1920, a gidan Allan Bank inda Wordsworth ya taɓa zama. An mai da yankin gandun ƙasa a 1951, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2017. Sai dai a lura, gandun ƙasa a Ingila ba irin Yankari ba ne: mutane kimanin 40,000 suna zaune a ciki, yawancin filayen kuma na masu su ne. Abin da baƙo yake da shi shi ne haƙƙin bin tsofaffin turaku da suka ratsa gonaki, kamar burtali, wanda mai gona ba shi da ikon toshewa.

Abin da baƙo ke tararwa

Gidajen ƙauyen na dutse ne mai toka-toka da kore-kore, rufinsu na fallen dutsen allo, gansakuka ta kama jikinsu. A tsakiya akwai cocin Oswald, mai sunan wani sarkin Northumbria da aka kashe a 642. Har zuwa 1841 daɓen ƙasa ne a cikinsa, saboda haka kowace shekara ake yanko wata ciyawar fadama a shimfiɗa don ɗumi da ƙamshi. An daɗe da shimfiɗa dutse, bukatar ta wuce, amma bikin bai mutu ba: a lokacin ɗumi yara sukan yi jerin gwano da ciyawar da furanni, 'yan mata shida suna riƙe da wani farin mayafi, a ƙarshe a raba musu gurasar citta.

Ita wannan gurasa wata mata mai suna Sarah Nelson ce ta fara sayar da irinta a 1854, a wani ɗan ɗaki da ke ƙofar maƙabarta, wanda a dā shi ne makarantar ƙauyen. Har yau a nan ake sayar da ita, layin masu saye yakan fito har titi. Mai tunani zai tambaya yadda citta da sukari, waɗanda ba sa fitowa a ƙasar sanyi, suka zama abincin gargajiya a nan. Amsar tana tashar jiragen ruwa ta Whitehaven a gaɓar Cumbria, wadda a ƙarni na 18 ta yi ciniki da tsibiran Karebiyan, inda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suke noman rake. Wasu jiragen tashar ma da kansu sun yi jigilar bayin.

A ƙarshen Agusta ake wasannin ƙauyen, waɗanda suka faro tun tsakiyar ƙarni na 19. Akwai tseren hawa tsauni da saukowa, akwai tseren karnuka waɗanda ke bin sawun tsumman da aka jiƙa da kananzir da wani abin ƙamshi aka ja bisa duwatsu. Amma abin da zai tsai da Bahaushe shi ne kokawa. 'Yan kokawar sukan sa fararen kaya matsattsu da ɗan wandon karan-miski mai ado. Ba a neman kamu kamar a tamu: tun kafin a fara kowa ya rungumi abokin karawarsa, ya sarƙe hannuwa a bayansa, ya ɗora haɓa bisa kafaɗarsa ta dama. Wanda ya saki riƙo, ko wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, ya faɗi. Ba kiɗa, ba kirari.

Yau baƙin da ke shiga Ƙasar Tabkuna a shekara sun haura miliyan 15, Grasmere kuma yana cikin wuraren da suka fi tsayawa. Kantunan da a dā ke sayar da kayan masarufi sun koma sayar da takalman hawa dutse da rigunan ruwa da tsaraba. Gidaje masu yawa sun shiga hannun mutanen birni masu zuwa hutu, ko kuwa ana ba da su haya mako-mako, har ɗan ƙauyen da ke aiki a otal ya kasa samun inda zai zauna a garin ubansa. Makiyayan ma suna cikin tsaka mai wuya. Tun 2021 gwamnati ta fara janye tsohon tallafin da suka dogara da shi, wasu masana muhalli kuma suna cewa tumaki ne suka aske tsaunukan suka hana itace tashi, shi ya sa ruwa ke gangarowa da gudu. Makiyaya na amsawa da cewa wannan askakkiyar ƙasa da katangunta ita ce baƙi ke zuwa gani, ita ce kuma UNESCO ta karrama.

A farkon Disamba 2015 wata guguwa da aka raɗa wa suna Desmond ta sauke milimita 341 cikin sa'a 24 a mashigin Honister, abin da ba a taɓa aunawa ba a Birtaniya, watau fiye da rabin ruwan Landan na shekara a kwana ɗaya. Ruwan ya cinye wani sashe na hanyar nan da muka ambata, arewa da mashigin Dunmail, ya raba Grasmere da Keswick. Tafiyar minti ashirin da 'yan kai ta koma zagaye mai nisa, motocin baƙi suka ragu, masu otal da masu kantuna suka shiga kukan rashin ciniki. Ba a sake buɗe hanyar ba sai a watan Mayu 2016.